Jakar Irin Baffa Nomau a Bambai

Tun da kaset ɗin fim ɗin nan ya shigo garinmu Isa ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Sani mai shayi sai wani ya jawo benci, wai da gaske na je inda ake yin fim, wai na ga jarumar da idona, wai ruwan da ke zuba a kansu na sama ne ko na famfo. Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya na ji wani yana rantsuwa cewa ni na koya wa Indiyawa noma. To gara in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ni malamin gona ne, kuma ba fim ya kai ni Indiya ba. A shekara ta biyu ta fari, da rumbuna suka koma ɗakunan ɓeraye, aka zaɓe ni in je kwas na wata uku a kan gero mai saurin nuna. Kafin in tashi na hau babur na je ƙauyen Turba sallama da Baffa Nomau, yayan mahaifina, mutumin da bai taɓa yarda da irin gwamnati ba, kuma bai taɓa ɓoye min hakan ba. Na same shi a gindin bishiyar bedi yana gyaran ƙotar sungumi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar jakar fata ja mai ɗinkin kore, cike da iri. Na san abin da ya rage masa bai kai tiya biyu ba, don haka na ce ya bar abinsa.

"Ba masu ilimi kac ce za ka gani ba?" in ji shi. "To kai musu wanga su gani. Hatsin kakanka na. In nasu ya hi shi, su hwaɗi. Jakar kuwa ka maido man abata."

Daga Isa na shiga bas zuwa Sakkwato karɓar takardu. Tayarmu ta fashe sau biyu, na biyun babu tayar canji, muka zauna a bakin hanya muna kallon mutane suna wucewa kudu da jakuna da ƙwarya da tabarmi, tun lokacin cin rani bai yi ba ga wasu, wasu kuma ba su da niyyar dawowa. A Kano na hau jirgin sama karo na farko a rayuwata. Ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, illa dai duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

A filin jirgin Bambai aka duba katin allurata, aka buga min hatimi, sannan wani ɗan kwastan mai gashin baki ya zazzage akwatina ya ci karo da jakar Baffa. Ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar ya kama kunama. Na miƙa masa takardar ofis da ta yi bayanin irin, bai ko kalle ta ba. Ya kwance bakin jakar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna, sai fuskarsa ta saki. Ya ce ai wannan abincin garinsu ne, da shi mahaifiyarsa take masa waina. Ya ɗaure min jakar da kansa, ya kaɗa kai na wuce.

Wannan kaɗa kan sai na yi muku bayaninsa, don zai dawo a gaba. Mu in za mu ce e sai mu ɗaga kai, in a'a mu girgiza. Su kuwa karkata shi suke dama da hagu a hankali, kuma da shi suke cewa e, da shi suke cewa na ji, da shi suke cewa sai mun gani. Na yi wata uku a ƙasar ban gama gane wanne ne wanne ba.

Babu wanda ya zo tarbata. Da na samu waya na kira makarantar, sai aka ce ai an ɗaga kwas ɗin da kwana tara, an ma buga mana telgiram. Ina jin har yau tana cikin wata durowa a Sakkwato. Na tsaya da akwatina ina lissafin Indiyancin da na tara a silima lokacin da nake makarantar koyon aikin gona. Na iya cewa ina ƙaunarki, na iya cewa sai na ɗauki fansar mahaifina, amma ban iya tambayar inda bayan gida yake ba. Da Turanci muka daidaita da wani mai tasi, ya kai ni gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna, wadda kowa ke kira Mausi, wato inna.

Gidan Mausi ba a cin nama, ba a cin ƙwai. Miyar wake da safe, miyar wake da rana, da yamma a canza mata launi. Barkonon kuwa, ni Bagobiri da nake ganin na iya cin yaji, ranar farko sai da na share hawaye da hannun riga, Mausi na tsaye a kaina tana ƙara min. Abin da ya fi ci min rai shi ne shanu. Ga su nan a kan titi, ƙosassu, ba makiyayi, ba igiya, motoci na kauce musu. Na tuna Fulanin da na baro a kasuwar Sabon Birni suna ba da saniya a kan kwanon hatsi, na ce lallai duniya ba ta raba daidai ba.

A ɗakin da ke jikin nawa akwai wani mutum da ke faɗa da kansa. Tun da hantsi za ka ji shi yana kuka da muryar mace, ya juya ya yi tsawa da muryar namiji, ya yi dariyar mugunta, sannan ka ji an yaga takarda. Kwana biyu ina masa addu'ar samun sauƙi. A rana ta uku muka haɗu wajen cin abinci: ɗan siriri, mai tabarau, tawada a yatsunsa. Sunansa Girdari. Da na gaya masa a hankali cewa a garinmu akwai malamai masu taimakon irin lalurarsa, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi marubucin fim ne, kuma gwada maganganun yake da baki, don abin da bai zauna a baki ba ba ya zama a fim.

Ni ban taɓa tunanin wani ke rubuta fim ba. Na ɗauka jarumin ne ke faɗin abin da ya zo masa. Da na ce masa a Sakkwato mutane na kallon fim ɗaya sau bakwai har su haddace shi, ya ajiye cokali ya sa na lissafa masa waɗanda na gani. A cikinsu uku shi ya rubuta. Na ce ƙarya ne, ya kawo min tsofaffin littattafansa na gani da idona. Shekara goma sha ɗaya yana rubutu a ƙarƙashin wani babban marubuci, shi ya yi aikin, sunan wancan ya fito a allo. Ya tambaye ni ko a wajenmu ana karanta sunayen da ke fitowa a farkon fim. Kunya ta kama ni, amma na gaya masa gaskiya: lokacin ne muke sayen gyaɗa, in sun daɗe mu yi ta fito.

Wannan karon wani darakta ya ba shi labari nasa na kansa, da alkawarin sa sunansa. Labarin wani ƙauye ne da fari ya ci, da uwa, da ɗanta, da azzalumin mai gari da ya kulle rijiya. An riga an ɗauki fiye da rabi. Ƙarshen ne daraktan ya ƙi sau uku, ya kuma ce in bai kawo wanda ya gamsar da shi ba zuwa ranar Alhamis, zai miƙa aikin ga babban marubucin, sunan ma ya tafi tare da shi. Ranar da muke maganar Lahadi ce.

Washegari ya tafi da ni wurin ɗauka. Jirgin ƙasan da muka shiga, ba kai ke shiga ba, jama'a ke shigar da kai, su kuma fitar da kai inda suka ga dama. Ƙauyen fim ɗin na cikin wani ƙaton zaure, gidajensa na kwali, rijiyar ba ta kai gwiwa ba. Na ga jarumar, tun da kun dame ni: gajera ce, tana cin ayaba, kuma ba ta yi min waƙa ba. Shi kuwa Girdari bai zauna ba. Jarumi ya ce maganarsa ta yi kaɗan, ya ƙara masa. Wadda ke fitowa a uwa ta ce wata kalma na sarƙe mata harshe, ya canza. Duk a kan gwiwarsa yake rubutun, a tsaye da ƙafa ɗaya, ana jiran takardar tun tawada ba ta bushe ba. Ya ce min kowane labari dole ya ɗauki waƙoƙi, da faɗa, da mai ban dariya, da hawayen uwa, shi kuma aikinsa ya ɗinke su yadda ba za a ga ɗinkin ba.

A ranar suka gwada ruwan sama. Motocin tanki biyu, mutane a saman katako da mesa, aka saki ruwa a kan masu rawa, aka ce bai yi ba a sake, aka sake har sau biyar. Ina tsaye ruwan na bi ta ƙarƙashin takalmina yana shiga kwata. Na tuna matan Turba da ke kwana a layin rijiya don tulu ɗaya. Gaskiya raina ya ɓaci, na fita waje na zauna har lokacin komawa gida ya yi.

Da la'asar a tsakar gidan Mausi ya karanta min ƙarshen nasa, yana yin muryar kowa. Jarumi ya doke mai gari, hadari ya haɗu, ruwa ya kece, gari ya fito rawa, sai ga gonaki kore shar. Ya tambaye ni yadda na ji. Da yake haushin ruwan nan bai sake ni ba, sai na ce masa ya yi daɗi, amma wa ya yi shukar? Tun farkon labarin ban ga wanda ya sa ƙwaya a ƙasa ba, mutanensa kuka kawai suke suna kallon sama. Ya ce ai ba a shuka sai an yi ruwa. Na ce a fim ɗinsa ke nan.

Sai na ba shi labarin binne. Na ce a wajenmu in damina ta yi jinkiri, manomi ba ya zama. Yakan ɗauki irin da ya ɓoye, wanda yara ke kallo suna jin yunwa, ya je ya sare busasshiyar ƙasa ya binne shi, babu ko gajimare a sama. In ruwa ya zo da ƙarfi, ya riga kowa. In yayyafi aka yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone. In ba a yi ba sam, tururuwa da kurciya su yi godiya. Na gaya masa yadda bara na ga Baffa Nomau ya yi binne sau biyu yana asara, ya koma na uku, matarsa na bin sa a baya da ƙwaryar iri. Na ɗauko lemar Mausi na mai da ita sungumi, na sari ƙasa, na ɗebo iri daga jakar da yatsa uku na jefa, na rufe da diddige, na yi gaba.

Girdari ya cire tabarau ya mayar. Ya ce in sake. Na sake. Sai muka ji dariya daga bakin madafa. Mausi ce, ta ce ai haka ubanta yake yi a ƙauyensu na cikin rairayi, ita ce ma mai bin sa da irin tana yarinya. Ta nuna Girdari da ludayi ta ce shekara goma sha ɗaya yana cin abincinta bai taɓa tambayarta daga ina ta fito ba, sai da baƙo ya taso daga wata duniya. Ya durƙusa ya taɓa ƙafarta, wanda shi ne ban-haƙurinsu ga babba, ya shige ɗaki. Kwana biyu muna jin uwar fim na magana ta bango, kuma ba a yaga takarda ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis ya ce sai na raka shi. A can ba a karanta labari, ji ake yi. Daraktan na kishingiɗe a kan katifa da matasai, mutanensa kewaye da shi, Girdari ya tsaya a tsakiya ya zama uwa, ya zama ɗa, ya zama mutanen gari masu ce mata ta haukace. A sabon ƙarshen, ɗan na kurkuku, uwar ta ɗauki irin ƙarshe da ke gidan ta fita gona da rana tsaka ta binne, ita kaɗai, ba kiɗa. Da ya zo nan sai ya yafuto ni. Ni Umaru, ma'aikacin gwamnati, na yi binne a kan kafet ɗin mutane da lemar tsohuwa. Daraktan ya karɓi jakar Baffa ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce a bar masa ita. Na juye rabin irin a ambulan don makaranta, na bar masa sauran, ina jin muryar Baffa a kunnena. Sannan ya dubi Girdari ya kaɗa kai dama da hagu.

A waje na tambayi Girdari, e ke nan ko a'a? Ya ce shi ma da aka haifa a nan bai sani ba.

Da asuba na hau jirgin ƙasa zuwa kwas. Na yi wata uku ina auna zangarniya, kuma malaman can sun yaba irin Baffa, sun ce yana jure zafi fiye da yawancin nasu. A hanyar dawowa na biya gidan Mausi. Ta ce Girdari ya kwashe kayansa ya bi masu ɗauka wani gari mai nisa, ba ta san ko a matsayin mai labari ya tafi ko mai riƙe wa wani alƙalami ba. Ta cika min gwangwani da yajin nan nata na kawo gida, har yau babu wanda ya iya gamawa da shi.

Da na je Turba na gaya wa Baffa abin da masu ilimi suka ce, bai nuna ya ji ba. "Ina jakata?" shi ne abin da ya tambaya. Na yi bayani, ya ce wato na ba 'yan wasa. Shekara biyu duk gaisuwar da za mu yi sai ya sako ta. Na rubuta wa Girdari wasiƙa biyu ta gidan Mausi, ban samu amsa ba, har na fara cire rai.

Watan jiya Bala, wani ɗan Sabon Birni da ke nuna bidiyo da janareta a bayan kasuwarmu, ya ce min ya samo wani sabon fim na fari, wai har da wata tsohuwa mai shuka a busa. Ban ƙarasa shayina ba na hau babur sai Turba. Baffa ya ce shi da girmansa ba ya shiga gidan kallo. Na ce jakarsa za mu gano. Ya ɗauki sandarsa.

Kafin mu iso an fara, kuma Bala ya riga ya tura sunayen gaba kamar yadda ya saba. Baffa ya zauna a kan benci ya sha waƙoƙi da faɗa yana tsaki, yana tambayata ko waɗannan ba su da aikin yi. Ni kuwa na zuba ido ina jira, don ban san wane ƙarshe za mu gani ba. Sai can kiɗa ya ɗauke. Ga uwar a tsakiyar fili, rana na dukanta, ta sa hannu a ƙugu ta kwanto 'yar jaka ja mai ɗinkin kore.

"Ga ta nan," in ji Baffa, da ƙarfin da ya sa kowa ya waiwayo. "Jakata ta."

Ya matsa gaba har ya kusa taɓa gilashin. Ta sari ƙasa, ta zuba iri cike da tafi, ya ce wagga ba ta taɓa jin yunwa ba, wa ke zuba hatsi haka. Ta rufe da diddige ta yi gaba, ya ce to nan ta yi daidai. Mutanen garin na fim suka fito ɗaya bayan ɗaya suka bi bayanta, kowa da ɗan abin da ya ɓoye. Ɗakin Bala, da ba a taɓa yin shiru a cikinsa ba, ya yi tsit, don duk wanda ke zaune a wurin ya yi wannan aikin da hannunsa ko ya ga ubansa ya yi. Da ɗigon farko ya faɗo a kan ƙasar na ga Baffa yana goge fuska da bakin rawani.

Ana gamawa na ce Bala ya mayar da kaset farko. Mutane suka fara gunaguni, Bala ya ce janareta mai yake ci. Na ce zan tsaya a kansa har ya mayar. Sunaye suka fara wucewa da rubutunsu da na boko, ina bi da yatsa. Bayan na masu kiɗa sai ga allo guda, ba kowa a kai sai mutum ɗaya: labari da tsarawa, Girdari. Na karanta da ƙarfi har sau biyu, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Baffa ya tambaye ni wane ne. Na ce shi ne wanda na ba labarin binnensa, shekara goma sha ɗaya yana aiki ana sa sunan wani, sai yau. Ya maimaita sunan a hankali har ya zauna masa a baki. Bala ya kai hannu zai kashe, Baffa ya tare shi da sanda.

"Bari tukuna, ɗana. Mutum ya yi binne, abinai ya hito. A bar shi mu gani."

Muka zauna, manoma cike da ɗaki, muna kallon sunan har ya wuce da kansa. A hanyar Turba, yana bayana a kan babur, ya ce in na sake rubuta wasiƙa in gaya wa mutumin ya riƙe jakar.